Sunan Tela a Bayan Faifai

Tun Awuor tana yarinya take jin labarin nan, har ta kai shekarun da gwiwoyinta ke ƙara idan za ta hau matakala ba ta huta da shi ba. Mahaifinta, Mzee Ayieko, wato Dattijo Ayieko, tela ne a unguwar Kaloleni ta Nairobi, kuma abin taƙamarsa a duniya guda ɗaya ne tak: wai marigayi Odindo Ragen, mawaƙin kiɗan jita da ake kira benga, ya ambaci sunansa a cikin faifai. Shi ne, in ji shi, ya ɗinka wa makaɗan Odindo jajayen kwat iri ɗaya, mawaƙin kuwa ya saka masa irin sakayyar mawaƙan ƙabilarsu ta Luo, ya kira shi da suna a ƙarshen waƙar nan "Kada Ki Jira Ni a Tasha". A wurin biki ya faɗa, a gidan makoki ya faɗa, wanda ya kawo gyaran wando ma sai ya ji kafin a auna ƙugunsa. Da ya ɗauko zancen sai wani ya katse shi, yawanci Awuor ce da kanta: "Mun sani, Baba, mun sani. Sha shayinka." Faifan kuwa babu shi. An ba wani aro tun kafin ta yi wayo, bai dawo ba.

Wata Kirsimeti ƙanenta Ogutu ya nemo waƙar a waya. Aka taru a falo, aka yi tsit, tsohon ya gyara zama har da ɗaura wuyan rigarsa. Jita ta yi ta kuka, Odindo ya yi ta lallashin budurwarsa, waƙa ta ƙare. Babu Ayieko, babu tela, ko allura ba a ambata ba.

Tsohon ya ce, "Ai wannan rabi ne. A juya shi. Sunaye suna baya."

Ogutu ya kife wayar a kan tebur ya ce, "Ga shi na juya, Baba. Jama'a, akwai wanda ya ji wani abu?"

Falo ya ɗauki dariya, har da Awuor, don me za a ɓoye. Daga ranar Mzee Ayieko bai sake ɗauko zancen Odindo ba, kuma abin haushi, kowa ya ji daɗin samun sauƙi.

Yanzu ga shi kwance a ɗakin Awuor a unguwar Umoja, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ya ce a kai shi gida ya huta, kuma babu wanda bai gane abin da hakan ke nufi ba. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke ba shi kunu da cokali kafin ta tafi makarantar da take dafa wa yara abinci, ta dawo ta tarar da wanki na jiranta. Gajiya ta zauna mata a ƙashi, irin wadda barci ba ya cirewa. Magana ta riga ta guje masa, sai gurnani da nuni. Amma ranar Juma'a da safe, tana goge masa wuya, ya kama hannunta da hannunsa mai lafiya, ya yi ta kokawa da harshensa har kalmomi biyu suka fito: "Odindo. Baya."

Ta so ta yi kamar ba ta ji ba. Ta kasa.

Ranar Asabar ta bar shi a hannun maƙwabciya, ta hau matatu, ƙaramar bas ta haya, zuwa River Road. Can ne kowa ya sani ake sayen waƙa. Tana budurwa ba ka wuce titin nan sai kunnenka ya cika, kowane shago da lasifikarsa a bakin ƙofa, wannan na gasa da wancan. Shagon farko da ta tuna ya zama wurin sayar da rigunan waya. Na biyu an tsaga shi gida huɗu, kowane lungu da mai gyaran waya a ciki. Na uku coci ne a sama, caca a ƙasa.

Ta tambayi wata yarinya mai dogayen farce, "Don Allah 'yata, ina ake sayar da faifai yanzu?"

"Na sidi? Anti, ai an daina."

"Na garmaho. Baƙin nan mai rami a tsakiya."

Yarinyar ta dube ta da tausayi, ta ƙwala wa maƙwabcinta kira, "Kai, zo ka ji, ga wata anti tana neman kayan tarihi!"

Maƙwabcin mai zuba wa mutane waƙoƙi a memori ne, kuma bai da mugunta. Ya danna kwamfutarsa, nan take ya samo waƙar, ya kunna mata. Ita ce dai ta Kirsimeti, inda ta tsaya a wancan karon nan ta sake tsayawa.

Ta ce, "Akwai sauranta."

"Mama, abin da ke akwai ke nan. In babu shi a nan, to babu shi a duniya." Da ya ga yadda fuskarta ta yi sai ya sassauta. "Gwada unguwar Westlands. 'Ya'yan masu hali sun dawo da yayin abin, can suke saye."

Ta sake hawa matatu. Shagon na Westlands yana hawa na uku, ga sanyin na'ura, ga ƙamshin gahawa, faifai jere a leda sababbi fil, duk daga ƙasashen waje. Ba ta ko taɓa su ba, tana tsoron hannunta ya bar shaida. Saurayin da ke tsaron wurin, mai ɗan kunne ɗaya, ya saurare ta da ladabi, ya girgiza kai. Tsofaffin na gida, ya ce, baƙi ne ke zuwa da akwatuna su kwashe. Wataƙila faifan da take nema yana can wata ƙasa mai ƙanƙara, a ɗakin wanda bai san ko kalma ɗaya ta Luo ba.

"Amma akwai wani tsoho a kasuwar Jericho, Gathogo. In yana raye. Ki yi haƙuri da shi, bakinsa ba shi da daɗi."

Rana ta take lokacin da ta isa Jericho. Ƙafafunta sun kumbura, igiyar takalmi ta nutse a cikin nama. Ta sami rumfar a can ƙarshen layi, tsakanin mai walda da wata mata mai suyar kifi. Rabin rumfar ma ba ta faifai ba ce, buhunan gawayin wani ne. A ɗaya rabin kwalaye ne tun daga ƙasa har kwano, a gabansu wani tsoho siriri da hular ulu yana karanta jaridar makon jiya.

"Sannu, Mzee. Kai ne Gathogo?"

Bai ɗago ba. "In ɗaukar hoto kika zo, ba a ɗauka. In agogon bango za ki yi da shi ko ado a shagon aski, ba na sayarwa. In kuma kuɗin shara ne, na riga na yi magana da shugaban kasuwa."

"Odindo Ragen nake nema. Kada Ki Jira Ni a Tasha."

Sai a lokacin ya sauke jaridar. Ya dubi fuskarta, ya dubi ƙafafunta, ya tura mata wani kwali da ƙafa. "Zauna, 'yar tafki. Ku dai Luo na bakin tafki ba ku gajiya da kukan jita."

Ya daɗe yana nema. Ya sauke kwali, ya yi tari, ya zagi ƙura, ya zagi mai gawayi, ya zagi bayansa da ya ƙi miƙewa. Awuor ta zauna tana kallon kiyashi suna jan ƙayar kifi. Tsakani da Allah, a ranta ta fara fatan kada ya samu. Sai ta koma gida ta ce ta nema ba a dace ba, ta cire takalmi, shi ke nan.

"Ga ɗan banzan nan."

Ƙaramin faifai ne, ba shi da ko riga, ya yi furu-furu da datti. Gathogo ya ari ruwa da sabulu wurin mai kifi, ya wanke shi da tafin hannu a hankali, ya goge da gefen rigarsa, ya miƙa mata. A tsakiya an rubuta sunan waƙar, ƙarƙashinsa: Kashi na Ɗaya. Ta juya. Kashi na Biyu. Ashe dai akwai baya.

Gathogo ya ce, "A da haka ake yi. Waƙa ta fi faifai tsawo, sai a raba ta biyu. Gidan rediyo su sa gaba, bayan kuwa sai wanda ya saya."

"Sa mini bayan, Mzee."

Ya jawo garmahonsa daga ƙarƙashin tebur, irin mai kama da akwatin tafiya, ya ɗora faifan, ya sauke allura. Aka ji ƙarar karce, sai jita ta shigo da gudu, ganga na biye da ita. Kafin mawaƙin ya buɗe baki Gathogo ya ɗage allurar.

"Kin ji yana aiki."

"Ban ji komai ba! Bar shi ya kai ƙarshe."

"A rumfar nan ba a kai waƙa ƙarshe. Tambayi kowa." Ya nuna jakarta da haɓa. "Ku zo, ku ce a sa, ku ɓoye waya a jaka ku naɗe, ku ce za ku dawo gobe. Gobenku har yau ba ta yi ba. Ban da haka, kin ga allurar nan? Ita ce ta ƙarshe. Wanda yake kawo mana su ya koma sayar da cajar waya. Faifai mai karce-karce irin wannan cin allura yake yi. Ranar da ta mutu, duk kwalayen nan sun zama murfin tukunya."

"To faɗa mini kawai. Akwai sunan Ayieko a ciki? Tela ne, daga Kaloleni."

"Ni na sani? Waƙoƙinku ƙarshensu duk kiran suna ne, sai ka ce layin asibiti. Wane ɗan wane, wane mijin wance." Ya sosa ƙeyarsa ta ƙarƙashin hula. "Gaskiyar magana, yawancin abin da ke cikin rumfar nan ban taɓa jin ƙarshensa ba. Farkon na sani."

"Zan saya."

"Ki saya ki kunna da me?"

Nan ta tsaya. Garmahonsu na gida, babban nan mai ƙafafu, tun mahaifiyarta na raye aka cire kayan cikinsa aka mayar da shi ma'ajiyar faranti. Duk yawon nan da ta sha, wannan bai zo mata a rai ba.

Ba ta roƙe shi ba, ƙarfin roƙon ma babu. Ta sunkuya ta kwance takalmanta, ta ajiye su gefe, ta fara magana tana kallon ƙasa. Ta ba shi labarin jajayen kwat, da Kirsimeti, da wayar da aka kife, da abin da likita ya ce. Gathogo ya tsura wa layin kasuwa ido, inda babu mai tahowa sai wata akuya.

Mai kifi, wadda kunnenta ke wurin tun ɗazu, ta ɗaga murya, "Kai Gathogo, ɗauki akwatin nan ka bi baiwar Allah mana! Ko tsoro kake kada cincirindon masu saye su zo ba ka nan? Bar mini su, zan jera maka su a layi."

"Kula da kifinki, yana ƙonewa."

"Kifina yana da masu saye, tsoho."

Ya yi tsaki, ya daɗe yana shafa murfin garmahon. Can ya ce, "Sau ɗaya zan sa shi har ƙarshe. Sau ɗaya. Ko a nan ki ji da kunnenki, ko a can gaban tsohonki. Zaɓi."

Awuor ta san wanda ya fi sauƙi. In aka sa a nan babu sunan, sai ta haɗiye abinta, ta ce ba ta samu ba, tsohon ya tafi da labarinsa a rufe. In kuwa aka sa a gabansa babu, to an sake kife masa waya, kuma wannan karon ba shi da bakin da zai kare kansa. Tsoro ya kama ta sosai. Amma da ta tuna yadda ya ɗaura wuyan rigarsa a ranar nan, sai ta ji kunya ta rufe ta. An riga an gwada maganarsa sau ɗaya a gaban 'ya'yansa. Ba za ta sake zama ta binciki ubanta a ɓoye a tsakiyar kasuwa ba.

Ta mayar da takalmanta. "Mu je, Mzee."

A cikin matatu Gathogo ya rungume garmahon a cinya, faifan kuwa ya naɗe shi da jaridarsa ya cusa cikin riga. Lasifikar motar na dukan ƙirji. Ya ce wa kwandasta ya rage, kwandasta ya ce, "Kaka, in shiru kake so ka sayi taka motar."

Suka tarar da Ogutu ya zo dubiya da ayaba a leda. Da ya ga akwatin, ya ga faifan, sai ya ja yayarsa gefe.

"Me kika yi haka? Kin saurara tukuna?"

"Ban saurara ba."

"In babu fa? Awuor, mutumin nan kwana nawa ya rage masa?" Ta gane shi ma abin ya daɗe yana cinsa.

"In babu, babu. Matsa, ka tare hanya."

Ta tayar da mahaifinta, ta jingina shi da matashi, ta gyara masa wuyan riga. Gathogo ya cire hularsa ya ce, "Sannu da jiki, Mzee," ya ɗora garmahon a kan kujera, ya nemi wurin jona wuta. Idon mahaifinta ya sauka a kan faifan bai sake barinsa ba. Da ya ga Gathogo na duba rubutun tsakiya, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kife tafin.

Gathogo ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Baya."

Ƙarar karce, sai jita, sai ganga. Daidai inda ya saba, hannun Gathogo ya tafi wajen allura shi kaɗai. Ya kama kansa, ya cusa hannun cikin aljihu.

Odindo ya yi baiti biyu, kiɗa ya ƙara wuta, sai ya fara kiran sunaye. Awuor ta riƙe ƙarfen gado. Daga gefenta ta ji wani sauti, ta waiwaya. Bakin mahaifinta ne ke motsi. Mutumin da ya yi makonni ba ya iya cewa ruwa, shi ne yake faɗin sunayen, a karkace amma ana ji, kuma yana riga mawaƙin.

"Onduru," in ji tsohon.

"Onduru direban jirgin ƙasa!" in ji faifan.

"Nyakiti."

"Nyakiti mai nama, ɗan Kendu, ina gaisuwa!"

"Magero."

"Magero, Magero, mai keke biyu!"

Haka suka yi ta tafiya, shi a gaba, Odindo a baya. Babu ko ɗaya a cikin mutanen nan da ke raye. Allura na matsawa tsakiya, abin da ya rage na faifan bai kai faɗin yatsa ba. Ogutu ya jingina da bango ya rufe ido. Sai tsohon ya yi shiru, ya kulle bakinsa. Awuor ta ce a ranta shi ke nan, sunayen da ya sani sun ƙare. Amma ba faɗuwa fuskarsa ta yi ba. Ɗaga haɓa ya yi, yana jira.

Jita ta sassauta, mawaƙin ya yi 'yar dariya a cikin faifan.

"Ayieko ɗan Alego, telan Kaloleni! Kwat ɗinka ya zauna mini daram! Mijin 'yar Gem, baban Awuor. Awuor 'yar jaririya, yi barci, babanki na kan keken ɗinki!"

Kiɗa ya yi 'yar tafiya ya tsaya. Allura ta shiga ramin ƙarshe tana zagaye, shuu, shuu, ba wanda ya motsa.

Ogutu ya zame ya durƙusa a gefen gado, yana cewa "Baba, Baba." Tsohon bai dube shi ba. Awuor yake kallo. Ita kuwa ta tsaya da baki a buɗe, mace mai furfura, da kumburarrun ƙafafu, wani mamaci ya gama yi mata waƙar barci. Duk tsawon rayuwarta tana jin labarin nan, ba ta taɓa sanin tana cikinsa ba. Sai yanzu ta tuna cewa ba a taɓa barinsa ya kai ƙarshen labarin ba, kuma mafi yawan lokuta ita ce ke cewa ya sha shayinsa. Kuka ya zo mata irin wanda ba ya sallama.

Gathogo ya ɗage allurar, ya kai ta kusa da ido yana dubawa. A hankali ya ce, "Ashe haka suke ƙarewa."

Awuor ta zauna a bakin gado, ta ɗauki tsumma ta goge wa mahaifinta gefen baki. Ya kama hannunta kamar ranar Juma'a, yana kokawa da harshensa. Ba ta ce ta sani ba. Ta matso da kunnenta, ta jira.